Yadda Ake Amfani da Fulaks Wajen Liƙa Waya a Fitilar LED

Fitilar LED ba ta jure zafi. Takardun da masana'antu ke fitarwa a kan 'yar fitilar nan mai faɗin milimita 5 galibi suna gargaɗin kada bakin ƙarfen liƙi ya wuce digiri 350, kada kuma ya daɗe a kan ƙafarta fiye da sakan 3. Duk wanda ya taɓa gwada haɗa ƙafar LED da wayar da ta kwana biyu a shago ya san sakan 3 kamar ƙiftawar ido ne. Dalma ta narke, ta dunƙule kamar ƙwayar dawa, ta ƙi kama waya, mai gyara ya yi ta danna ƙarfe har robar fitilar ta yi laushi. Daga nan ko dai fitilar ta mutu nan take, ko ta yi mako biyu tana ƙyaftawa sannan ta ɗauke. Abin da ke sa liƙi ya kammala kafin zafi ya isa cikin fitila shi ne fulaks, wanda a gwangwanayen da ake sayarwa a Garwa, Marwa, Kusiri da Njamena za ka ga an rubuta masa flux ko pâte à souder da Faransanci.

Aikin da yake yi

Jan ƙarfe da zarar iska ta taɓa shi sai wata siririyar tsatsa ta hau shi, wadda ido ba ya gani tun tana sabuwa. Zafi yana ƙara mata sauri, don haka wayar da ka kankare yanzu tana ƙyalli, da ka ɗora mata ƙarfe mai digiri 340 tsatsar ta dawo cikin sakan ɗaya ko biyu. Narkakkiyar dalma ba ta kama tsatsa, ƙarfe tsirara take kamawa. Fulaks idan ya ji zafi yana cinye wannan tsatsa, ya kwanta a kan wurin ya tare iska, har dalma ta iso ta ture shi gefe ta zauna a gurbinsa. Yana kuma sa dalma ta baje ta shige tsakanin silin waya maimakon ta tsaya a dunƙule, kuma da yake ruwa ne yana cike ratar da ke tsakanin bakin ƙarfe da waya, sai zafi ya ratsa da wuri.

Abin lura shi ne ƙarfinsa na ɗan lokaci ne. Hayaƙin da kake gani yana tashi fulaks ne ke ƙonewa, kuma da hayaƙin ya tsaya aikinsa ya ƙare. Nan ne kuskuren da ya fi yawa yake: mutum ya narka dalma a bakin ƙarfe, ya ɗauko ta a hankali ya kai wa waya. Dalmar liƙi ta kirki tana da fulaks a cikinta, wajen kashi 2 cikin 100 na nauyinta, to amma wannan ɗan kaɗan ya riga ya ƙone a hanya, abin da ya isa wurin waya busasshiyar dalma ce. Idan hannu biyu ba su isa ba, dole sai an ɗauko dalma a bakin ƙarfe, to a riga an shafa fulaks a wurin da za a liƙa.

Wanda za ka saya da wanda za ka guje wa

A nan ne gizo ke saƙa, domin abubuwa uku daban ake sayarwa da suna kusan ɗaya.

Na farko shi ne na kolofan, wato ƙaron bishiyar fayin da aka tace. Launinsa kamar na zuma, yana zuwa a daskare cikin ɗan gwangwani, ko a dame kamar man shafawa, ko a ruwa, ko cikin sirinji irin wanda masu gyaran wayar hannu ke amfani da shi. Idan yana sanyi ba ya cin ƙarfe kuma wuta ba ta bi ta cikinsa, sai ya narke yake aiki. Shi ne na lantarki. A jikinsa ka nemi haruffan R ko RMA, ko kuma ROL0 da ROL1. RO na nufin kolofan, L na nufin ƙarfin cinsa kaɗan ne, sifiri na nufin kusan babu sinadarin kulorin da danginsa a ciki. Wanda aka rubuta wa RA ya fi ƙarfi, yana da amfani ga tsohuwar waya, amma sai an wanke bayansa.

Na biyu shi ne na masu gyaran lagireto da masu haɗa bututun ruwa. Yawanci sinadarin zinc chloride ne a ciki, da Faransanci chlorure de zinc, ko a ruwa ko a cakuɗe da man da ya yi kama da basilin. Yana kama kowane irin ƙarfe cikin sauƙi, shi ya sa masu koyo ke son sa, ga shi da araha. To araha ba ta ado. Ragowarsa gishiri ne mai jawo laima daga iska. A lokacin hunturu da bazara, sa'ad da iskar Marwa da Njamena ke bushe ƙamas, ba za ka ga komai ba, aikin zai yi kyau wata da watanni. Da damina ta sauka wajen Yuni zuwa Satumba sai kore-kore ya fito a gindin waya, silin su tsinke ɗaya bayan ɗaya. A Ngaundere, inda damina ta fi tsawo, abin ya fi saurin bayyana. Mafi muni, narkakken fulaks yana bin silin waya ya shige ƙarƙashin robarta inda burushi ba ya kai wa, don haka ko an wanke ba a tsira ba. Ka ga an rubuta plomberie ko décapant tare da zanen bututu, ajiye shi. Haka ma ruwan batir, ruwan lemun tsami da ƙwayar asfirin da wasu ke narkawa a kan waya: duk suna cire tsatsa, duk kuma suna cin waya daga baya, hayaƙin asfirin kuwa yana ƙona maƙogwaro.

Na uku toka-toka ne mai nauyi, garin dalma ne aka dama da fulaks, ana amfani da shi da na'urar hura iska mai zafi. Ba shi ake buƙata a wannan aiki ba.

Idan gwangwanin ba shi da rubutun da za ka amince da shi, gwada shi kafin ya taɓa kayan mutane. Kankare guntun wayar jan ƙarfe har ta yi ƙyalli, shafa mata fulaks ɗin, taɓa ta da ƙarfe mai zafi, sannan ka jefa ta cikin kwalba tare da ɗan jiƙaƙƙen tsumma ka rufe. Bayan kwana 4 ko 5 ka duba. Idan ta yi kore, na lagireto ne ko da me aka kira shi.

Haɗa naka

Daskararren kolofan ya fi sauƙin samu kuma ba ya lalacewa. Daka gram 25 ya zama gari, zuba cikin kwalba mai murfi, ƙara mililita 100 na alkol mai ƙarfin digiri 90 ko 95 da ake sayarwa a farmasi, girgiza, ka bar shi ya kwana. Mai digiri 70 ruwa ya yi masa yawa, kolofan ba ya narkewa sosai a ciki kuma yana tartsatsi a kan ƙarfe. Idan kana son mai kauri sai ka bar murfin a buɗe na 'yan sa'o'i. A zafin watan Afrilu alkol yana gudu da wuri, saboda haka zuba kaɗan a 'yar kwalbar aiki, babbar ta zauna a rufe a inuwa, nesa da wuta.

Wani abu da ya kamata a faɗa musamman a wannan yanki: ƙaron dakwara da ake tarawa a Chadi ana fitarwa ƙasashen waje ba kolofan ba ne, duk da cewa a ido sun yi kama. Shi abinci ne, dangin sukari, idan ya ji zafin ƙarfe gawayi yake zama ya ɓata baki. Bambance su ba wuya. Ƙaron dakwara yana narkewa a ruwa ya ƙi alkol, kolofan yana narkewa a alkol ya ƙi ruwa.

Dalma, ƙarfe da zafi

Abin da muke kira dalmar liƙi haɗi ne na kuza da dalma. Mai lamba 60/40, wato kashi 60 kuza 40 dalma, tana fara narkewa a digiri 183 ta gama wajen 190. Mai 63/37 tana narkewa ta daskare a digiri 183 cak, ita ce ta fi dacewa da LED domin ba ta ba hannu damar girgiza liƙin yana tsakiyar daskarewa. Wadda ba gubar dalma a cikinta, irin da Turai ta wajabta wa yawancin kayan lantarki tun 2006, tana buƙatar digiri 217 zuwa 227, ba ta bajewa da sauƙi, don haka ta fi cin fulaks. Kauri milimita 0.8 ya isa. Idan dalmar da ka saya tana narkewa kamar tuwo, ba ta gudu, ta daskare ba ƙyalli, kuzan cikinta bai kai abin da aka rubuta ba, kuma ba fulaks ɗin da zai gyara ta.

Ƙarfe mai maɓallin daidaita zafi ka sa shi tsakanin 320 da 340. Baki mai faɗi kamar na sukundireba, milimita 2 ko sama kaɗan, ya fi mai tsinin allura, domin tsinin ba ya riƙe zafi, sai ka daɗe a wurin. Ƙarfen wat 30 ko 40 wanda ba shi da maɓalli, idan ya daɗe a jone yakan haura digiri 400. Alamarsa fulaks ya yi fuu ya baƙe nan take, bakin kuma ya yi baƙi duk bayan minti ɗaya. Cire shi daga soket na ɗan lokaci tsakanin liƙi da liƙi. Akasin haka ma yana faruwa idan wuta ta yi ƙasa: ƙarfen da aka yi don volt 220, a volt 180 kashi biyu cikin uku kawai na ƙarfinsa yake bayarwa. A irin wannan lokaci ƙarfen volt 12 da ake jonawa a batirin sola, ko mai amfani da gas ɗin laita, ya fi.

Bakin ƙarfe jan ƙarfe ne da aka lulluɓe da siririn baƙin ƙarfe. Kada ka goge shi da fayil ko a siminti, da lulluɓin ya huje dalma za ta riƙa cinye shi. Goge shi a jiƙaƙƙen soso, tsoma shi a daskararren kolofan, ba shi sabuwar dalma har ya yi fari. Haka za ka yi kafin liƙi, kuma ka bar masa ɗigon dalma idan za ka kashe.

Ɗauki testa ka taɓa jikin ƙarfen yana jone. Idan ta kawo haske, wuta na zirarowa, kuma farin LED da shuɗi ba sa jure wannan. Ko ka haɗa jikin ƙarfen da wayar ƙasa, ko ka zare fulogi daidai lokacin da za ka taɓa fitila, zafin da ya tara zai isa liƙi biyu.

Duba wayar tukuna

Sau da yawa ana zargin fulaks alhali wayar ce ba ta jan ƙarfe ba. Akwai waya mai araha, musamman ja da baƙar nan ta lasifika, wadda aluminiyam ce aka yi mata wankan jan ƙarfe. Kankare sili ɗaya da reza, idan fari ya fito ita ce. Ko ka kunna mata laita: jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya, ita kuwa sai ta lanƙwashe ta zube. Tana karɓar dalma muddin wankan yana nan, amma da ka kankare ta ko ka daɗe da zafi shi ke nan, kolofan ba ya cin tsatsar aluminiyam. Akwai kuma ta baƙin ƙarfe, maganaɗisu yana ɗaukar ta. Idan ba makawa sai da irin waɗannan, kada a kankare, a shafa fulaks da yawa a yi sauri. Wayar da ta yi baƙi don tsufa kuwa, yanke santimita 3 ko 4 ka duba ciki, galibi can za ka tarar da mai haske.

LED mai ƙafa biyu

Fara da gane ƙafafu. Doguwar ita ce +, gajerar ita ce −, kuma gefen − na gindin fitilar a shafe yake. Idan an riga an yanke su, mitar awon wuta a kan alamar diyod ko ƙaramin batirin CR2032 zai nuna maka. Kada ka gwada ta kai tsaye a volt 12. Farin LED yana cin wajen volt 3.2 da miliamfiya 20, saboda haka a kan volt 12 yana buƙatar rezistans, wato ɗan abin da ke rage wutar da ke isa fitila, mai om 470. A jikin babur ko mota, inda wuta ke haura volt 14 idan inji na aiki, sa mai om 560. Mai kwatan wat ya isa.

Ƙafafun yawancin waɗannan fitilu baƙin ƙarfe ne da aka yi wa wankan azurfa ko kuza, shi ya sa maganaɗisu ke kama su. Idan sun dushe, goge su da abin goge fensir, ba da reza ba, don kada wankan ya tafi. Kuma kada a ajiye su a ɗaure da robar ɗaurin kuɗi, sinadarin farar wuta da ke cikinta yana baƙanta azurfa.

Yanke ƙafa ka bar aƙalla milimita 8, domin wurin liƙi ya yi nisan milimita 3 ko fiye daga jikin robar. Idan za ka lanƙwasa ta, riƙe gindin da filaya ka lanƙwasa kafin liƙi, ba bayansa ba. Fere robar waya milimita 5, murɗe silin su haɗu, sannan ka zura robar nan mai tsukewa da zafi, wadda ake kira gaine thermo, ka tura ta can nesa. Wannan ne matakin da kowa ke mantawa sai ya gama.

Yanzu a yi wa kowane ɓangare wankan dalma shi kaɗai. Tsoma rabin bakin wayar a fulaks, ba duka ba, domin da kansa zai hau. Ɗora ƙarfe a ƙarƙashinta, dalma a samanta, ka ga dalmar ta shige tsakanin silin cikin sakan 2. Wayar da ta sha daidai ana iya ganin shatin silinta ta cikin dalmar. Idan ta zama dunƙule ta yi yawa, idan dalma ta shige ƙarƙashin roba wayar za ta sandare ta karye a nan gaba. Ita kuma ƙafar LED, maƙala mata ɗan maƙalen kada ko bakin hantsaki tsakanin roba da wurin liƙi don ya sha zafin, shafa fulaks da tsinken sakace daidai girman ƙwayar riɗi, taɓa da ƙarfe da dalma sakan 1 zuwa 2, ɗaga.

Bari ta huce sakan 10. Sake ɗiga ɗan fulaks a kan ƙafar, domin na farkon ya ƙone. Kwantar da wayar a jikin ƙafar su jeru tsawon milimita 5, taɓa su tare da bakin ƙarfe mai ɗan jiƙon dalma, da ka ga dalmomin biyu sun zama ɗaya sai ka janye. Bai kamata ya kai sakan 3 ba. Riƙe hannunka cik har ta daskare, kada ka hura mata iska. Idan bai yi ba, kada ka sake danna ƙarfe nan take: jira ta huce, ƙara fulaks, sake gwadawa. Ƙarin fulaks ne maganin liƙin da ya ƙi, ba ƙarin zafi ko ƙarin dalma ba. Ba wa ƙafa ta biyu irin wannan hutu kafin ka taɓa ta.

Zirin LED

Shi ne ya cika shagunan aski, wuraren sayar da waya da rumfunan biki, kuma a kansa aka fi samun liƙin da ya sake. Mai volt 12 ana yanka shi bayan kowace fitila uku, a kan layin da ya raba idanun jan ƙarfen gida biyu. Mai fitila 60 a mita, duk santimita 5 ke nan. Zaɓi waya daidai da abin da yake ci: mai ƙwayoyin fitila masu lamba 3528 yana jan wajen amfiya 0.4 a mita, mai 5050 wajen 1.2, wato nadi ɗaya na mita 5 zai kai amfiya 6. Wannan yana son waya mai kaurin murabba'in milimita 0.75, guntayen ado kuwa 0.5 ta ishe su.

Idan mai rufin roba ne, yanka rufin da reza a hankali ka ɓare shi daga kan idanun, ka kankare ragowar har jan ƙarfen ya fito fes. Fulaks tsatsa yake ci, ba ya cin roba ko gam. Manna zirin a kan katako da salatif, ba a kan ƙarfe ba, ƙarfe zai shanye zafin. Kada a liƙa shi yana naɗe, kada kuma yana jone da wuta.

Shafa fulaks siriri a kan kowane ido. Taɓa ido da ƙarfe, kawo dalma ta gefen, cikin sakan 2 za ta rufe shi ta yi tudu kamar rabin ƙwayar wake. Fere waya milimita 3 kacal, daidai tsawon idon, yi mata wanka, datse abin da ya yi saura. Ƙara ɗigon fulaks a kan tudun, ɗora waya, danna da ƙarfe har ta nutse, janye ƙarfe, riƙe waya. Idanun a manne suke da siririyar leda, zafin da ya wuce sakan 4 ko 5 yana ɗaga su. Idan ido ya ɗago, kada ka wahalar da kanka, yanke zuwa layi na gaba.

Mai launi uku yana da idanu huɗu a faɗin milimita 10, kusa da juna ƙwarai. A nan fulaks yana da wani amfani: yana sa dalma ta janye zuwa kan jan ƙarfe ta bar ratar tsakani. Idan biyu sun haɗe, ɗiga fulaks a kai, goge bakin ƙarfe ya bushe, ja shi ta tsakaninsu zuwa waje, dalmar za ta rabu ta bi ƙarfen. Kafin ka ba shi wuta, auna kowane ido da maƙwabcinsa da mita a kan alamar da ke sa ta yin kuka idan biyu sun haɗe.

LED mai ƙarfi a kan farantin aluminiyam

Masu wat 1 da wat 3 da ake sa wa a tocila da fitilun tsakar gida suna zuwa a kan ɗan faranti mai siffar tauraro. An yi farantin ne don ya kwashe zafi, kuma haka zai kwashe na ƙarfenka. Liƙa waya kafin ka ɗaure shi a jikin babban aluminiyam. Ɗora shi a katako, yi amfani da ƙarfen wat 60 mai faffaɗan baki, kuma idan da hali ɗumama farantin tukuna a kan dutsen guga da aka sa a mafi ƙarancin zafi, daidai yadda yatsa ba zai iya daɗewa a kai ba. Rufe idon fitilar da ɗan salatif na takarda saboda tartsatsi. Fulaks da ya faɗa a kan idon yakan gasu da zafin fitilar ya koma ruwan ƙasa, haske ya ragu. Ka tabbata kuma ba silin da ya leƙa gefe ya taɓa aluminiyam ɗin.

Wankewa da rufewa

Ragowar kolofan zalla ba ya cin ƙarfe, amma yana da danƙo, kuma a ƙasar da ƙurar hunturu ke shiga ko'ina danƙo tarkon ƙura ne. Ƙura ta taru, laimar damina ta jiƙa ta, sai ɗan siririn lantarki ya sami hanya tsakanin idanu. LED kuwa abin da yake buƙata don ya yi ɗan haske kaɗan ne ƙwarai. Shi ya sa wani zirin za a kashe launi ɗaya a ga yana ɗan ci a duhu, ko shuɗi ya riƙa leƙowa cikin ja. Don haka ko an rubuta cewa ba ya buƙatar wanki, fitilar da za ta zauna a waje a wanke ta.

Bari liƙin ya huce, tsoma tsohon burushin haƙori a alkol, goge, sannan ka dangwale da tsumma mai tsabta tun yana jiƙe. Idan ka bar alkol ya bushe da kansa, baza fulaks ɗin kawai ka yi, zai bar farin tabo. Yi haka sau biyu. Kada a yi amfani da fetur, tina ko abin goge jan farce, suna dusashe robar fitila su tsattsaga ta.

Bayan ya bushe, jawo robar tsukewa ta rufe liƙin, ɗumama ta daga nesa, kana kare fitilar da yatsa ko kwali. A zirin LED a sa babbar roba ta haɗe ƙarshen zirin da wayoyin, domin ja ya sauka a kanta ba a kan idanu ba. Idan za a toshe da silikon, shinshina shi tukuna. Mai warin tsami kamar binega yana fitar da asid yayin bushewa, yana cin jan ƙarfe kamar yadda fulaks ɗin lagireto ke yi. Nemi wanda aka rubuta wa neutre.

Karanta liƙin da ido

Liƙi mai kyau sumul yake, gefensa ya kwanta ya bi jikin ƙarfen kamar ruwa a kan tsumma, ba kamar ruwa a kan ganyen gwaza ba. Ja wayar a hankali, bai kamata ta motsa ba. Wanda ya dunƙule ya tsaya a sama, wurin bai yi zafi ba ko tsatsa ba ta fita ba. Wanda ya bi ƙarfe ya yi tsini kamar ƙaya lokacin janyewa, fulaks ya ƙone kafin a gama, ɗigo ɗaya da taɓawar sakan 1 zai kwantar da shi. Mai fuska kamar yashi, hannu ya motsa yana daskarewa, sai dai idan dalmar marar guba ce, ita dama ba ta ƙyalli ko ta yi kyau. Baƙin ɓawo a kewaye, zafi ya yi yawa. Fitilar da ke kawowa idan an taɓa ƙafarta ta ɗauke idan an sake, alhali liƙin lafiya lau, zafi ya riga ya tsinka siririyar wayar da ke cikin robar, sai dai a canja ta.

Hayaƙi da hannu

Hayaƙin kolofan yana jawo ciwon asma ga masu shaƙarsa kullum, yana kuma sa ido ruwa. A kwantena ko ƙaramin shago, ajiye fanka ta yadda za ta ja hayaƙin ta fitar da shi ƙofa. Kada ta huro kan aikin, za ta sanyaya ƙarfe ta ɓata liƙi. Tsohuwar fankar kwamfuta mai volt 12 a nisan taƙi ɗaya daga wurin liƙi, ɓangaren da take jan iska na kallonka, ta isa. Gubar dalma kuwa ba ta cikin hayaƙin, zafin ƙarfen liƙi bai kai ya tashe ta ba. Ta hannu take shiga, don haka a wanke hannu da sabulu kafin a ci tuwo ko a fasa goro, a daina riƙe dalma da haƙori, kuma guntayen da suka zuba a share su cikin gwangwani mai murfi inda yara ba sa kai wa.